Kwalbar da Ke Ƙarƙashin Gadon Kulu

Tun da na dawo daga Kano mutanen Yashe ba su bar ni na yi aski cikin natsuwa ba. Da mutum ya zauna a tabarma na jiƙa masa kai, sai ka ji: "Rabe, wai da gaske ne Bature ya huda ɗiyarka ya sa mata igiya?" Ni kuwa kun san halina, ba na iya magana hannuna a ajiye, ga shi kuma aska ce a hannun. Ranar kasuwar Kusada saura kaɗan na raba wani dattijo da kunnensa ina kwatanta masa girman mota. Don haka ga labarin gaba ɗaya tun daga tushe, wanda ya ji ya gaya wa wanda bai ji ba, a bar ni na yi sana'ata.

'Yata Kulu shekararta huɗu. Ita ce ta uku a wurinmu ni da matata Hurera, kuma ita kaɗai ta rage mana, don yayyenta biyu baƙon dauro ne ya kwashe su a bazara ɗaya. To da bazarar bana ta shigo aka ce cutar ta sauka a Bauranya, nan kusa da mu, sai barci ya ƙaurace wa gidanmu. Ba a yi mako biyu ba ta kama Kulu. Muka yi abin da aka saba, aka killace ta a ɗaki, ba wanka, ba fita rana. Ƙuraje suka fito suka fara bushewa, har muka soma cewa an tsallake. Sai tari ya ce ga shi nan. Ran nan da hantsi ta yi wani dogon tari, ta ƙwalla ƙara ta dafe ƙirji. Kafin la'asar wuyanta ya cika, kumatu suka tashi, idanu suka kusa rufewa.

Na fi shekara ashirin ina taɓa kumburi. Na san na ruwa, na san na mugunya, na san na mataccen jini. Wannan da na danna da yatsa sai na ji ƙaras-ƙaras a ƙarƙashin fata, kamar ka taka busasshen ƙaiƙayi. Amma wanzami ne ni, abin da na iya shi na yi. Na yi mata tsaga a ƙasan wuya, na kafa ƙaho na zuƙa, na toshe bakinsa da jijiya. Da na cire, maimakon jini sai kumfa. Kumburin ya ɗan saɓe, can an jima ya dawo har ya fi da. Kwana biyu ina wannan aiki, numfashinta yana ƙara gajarcewa.

Mahaifiyata, Inna, ita ta tsayar da ni.

"Rabe, aje ƙahon ga," in ji ta. "Wanga ciwo ba naka ba ne."

"Inna, in ba nawa ba ne na wa ne? Garin ga duka wa ya hi ni sanin kumburi?"

"Ka hi kowa. To ka kai ta inda ba a san ka ba."

Kafin na sami abin cewa Hurera ta riga ta goya yarinyar ta yafa mayafi. Da aka sallame asuba muka kama hanyar Kankiya, su a kan jaki, ni a ƙasa, zabirata a kafaɗa, don ko masallaci ba na zuwa babu ita.

Malamin asibitin Kankiya mutum ne marar yawan magana. Ya sa abin saurarensa a kunne ya bi ƙirjin Kulu, sannan ya ƙwanƙwasa haƙarƙarinta da yatsa. Gefen hagu ya amsa yadda jiki ke amsawa, gefen dama kuwa ya yi amo kamar ƙwarya a kife. Sai ya ga tsagar.

"Wa ya yi wanga aiki?"

"Wani wanzami ne," na ce, ina kallon rufin ɗaki.

Ya dubi zabirar da ke rataye a kafaɗata. Ya jawo takarda ya yi rubutu da sauri, ya ce ba shi da abin da zai yi mata a nan, likitan Katsina kuma ya fita rangadi, mu kama motar Kano yanzu-yanzu. "Kak ku kwana bisa hanya," in ji shi. "Ba ta da kwanan da za ta ba ku aro."

Motar da muka samu ta ƙiraga ce, busassun fatun shanu an jibge su har sama. Direban da ya ga fuskar Kulu sai ya sauke wani ɗan kasuwa daga gaba ya sa Hurera, ni da ɗan kasuwar muka hau bisa fatu. Jama'a, ban taɓa shiga mota ba sai ran nan, kuma ko da hankalina yake a tashe ba zan ɓoye muku ba, abin ya ƙayatar da ni. Itatuwa suna gudu da baya, tafiyar da muka wuni muna yi da jaki mota ta haɗiye ta kafin mutum ya gama cin goro ɗaya. Sai ga mu a ƙofar Yashe, garin da muka baro da asuba, don hanyar Kano ta nan ta biyo. Na miƙe tsaye ina ɗaga hannu don a shaida ni, iska ta fizge mini hula. Takardar malamin asibiti kuwa a cikin hular take. Na dinga dukan kan mota ina ihu har direba ya taka birki, na dira na yi gudun da ban yi ba tun ina saurayi. Da na dawo ina haki ɗan kasuwar ya ce, "Malam, in ka gama gaisawa da garinku sai mu tahi."

Ba mu yi nisa ba muka iso iyakar ƙasar Katsina da ta Kano. Ni a zatona ganuwa ce ko wani babban kogi. Ashe sanda ce guda aka gitta a kan hanya, ɗan doka yana gyangyaɗi a gindin bishiya, duba-gari kuma yana bin mutane yana duba lamba a damtse, wai an ji ƙishin-ƙishin ɗin agana. Yana leƙa gaban mota ya ga fuskar Kulu sai ya yi baya.

"Agana ce! A sauko da su."

In aka sauke mu a wannan daji, shi ke nan. Na ce masa ƙyanda ce, ya ce kowa haka yake faɗa. Na zaro takarda na miƙa masa da hannu biyu. Ya karanta, ya sake karantawa, sannan ya kai yatsa ya danna wuyanta. Ya janye hannun kamar ya taɓa wuta. Da kansa ya ɗage sandar, ya ce wa direba kada ya kuskura ya tsaya cin abinci a Bichi. Direban nan, Allah ya saka masa, bai tsaya ba har ƙofar asibiti, mutanen bisa fatu suna ta gunaguni da yunwa.

Kada ku tambaye ni yadda birnin Kano yake a ranar, don ban gan shi ba. Abin da na gani leɓɓan Kulu ne, da suka koma kamar an shafa musu shuni. Aka karɓe ta aka kai ta wani ɗaki, aka tsayar da ita gaban wani ƙarfe, wai hoto za a ɗauka. Na ce a raina, yarinya tana mutuwa ana hoto? Ashe hoton cikin ƙirji ne. Likitan, wani dogon Bature da duk haɓarsa yanka ce saboda shi yake yi wa kansa aski, ya ɗaga hoton a hasken taga, sai ga haƙarƙarin 'yata ɗaya bayan ɗaya. Wata ma'aikaciya Bayarabiya da kowa ke kira Sista ita ta yi mana tafinta, Hausarta tsaf.

Ta ce cutar ta sauka a huhu ta raunana shi, tari kuma ya yaga wata 'yar ƙofa. Duk numfashin da yarinyar ta ja, wata iska tana zurarewa ta wannan ƙofa tana taruwa tsakanin huhu da haƙarƙari. Ta matse huhun dama har ya ƙanƙance, sauran kuma ta bi ƙarƙashin fata ta hau wuya da fuska. Nan take na tuna yadda mahauta suke hura ƙafar akuya kafin fiɗa don fata ta rabu da nama. Ashe kwana biyu ina kwasar abu daga sama, shi kuwa yana ɓuɓɓugowa daga ƙasa.

Ni na riƙe ta, don hannuna ya saba da riƙe yara. Likita ya shafa magani a gefen ƙirjinta, ya yi 'yar tsaga tsakanin haƙarƙari, kuma in faɗi gaskiya tsagar ta yi kyau. Ya zura wani siririn bututun roba. Sai muka ji fiiii! Iska ta fito da ƙarfi. Ɗaya bakin bututun ya bi ta murfin wata babbar kwalba mai ruwa, ya nutse a ciki, aka ajiye kwalbar a ƙarƙashin gado. Ruwa ya kama ɓul-ɓul-ɓul. Kulu ta ja wani dogon numfashi, ta sake jan wani, leɓɓanta suka fara dawowa. Hurera ta zube ƙasa tana kuka, ni kuwa ban san lokacin da na ce da ƙarfi, "Ai wanga ƙaho ne!" ba. Daɗi ya kashe ni. Na ji kamar ni da Baturen nan abokan sana'a ne.

Ba a barin maza su kwana a ɗakin mata da yara, saboda haka Hurera ta shimfiɗa tabarma a gefen gado, ni kuma na nemi gidan wanzami, don duk garin da wanzami ya sauka gidan ɗan'uwansa yake tambaya. Aka kai ni Fagge wurin wani Ɗan'azumi, ya karɓe ni hannu bibbiyu. Wanzaman Kano sai kallo. Mutum a kan kujera ake zaunar da shi, a ba shi madubi ya riƙe yana lura da kai kamar ka ci masa amana. Ruwa kuwa ba guga ba igiya, ka murɗa ƙarfe ya zubo. Na ci gurasa da yaji har na yi santi, amma furarsu kam, ruwa ne aka nuna wa gero. Su kuma maganata suke wa dariya. Da na ce "ƙaƙa kuka kwana" sai yaran gidan su kwashe, Ɗan'azumi ya ce, "Bakatsine, sake faɗa mana, jiya ba mu ƙoshi ba."

Asibiti ma wata duniya ce. Komai da ƙararrawa, ci da ƙararrawa, shiga da ƙararrawa, fita da ƙararrawa. Tagogi a buɗe, iska tana kaɗa marasa lafiya. Washegari Sista ta zo da ruwan ɗumi da sabulu za ta wanke Kulu, Hurera ta tare ta.

"Haba baiwar Allah, mai baƙon dauro ake wa wanka? Ƙurajen su koma ciki?"

"Uwar Kulu, na wanke yara sun fi gashin kanki yawa," in ji Sista. "Riƙe mini ƙafarta."

Aka wanke ta, ba abin da ya koma ciki. Kumburin fuska ya fara saɓewa, idanunta suka buɗe, ta sha kunu. Ni kuwa na zama mai gadin kwalba. Da an buga ƙararrawar shiga sai na durƙusa ina kallon kumfa, ina yi wa matan da ke jinya bayanin yadda take aiki kamar ni na ƙera ta.

Yanzu ga wurin da nake tsallakewa in ina ba da labari a kasuwa. Yau zan faɗe shi.

Ran kwana na huɗu da azahar, zafi ya yi zafi, Sista ta fita, Hurera ta tafi famfo wanki. Na duba kwalba na ga ruwan ya yi gurɓi, ja-ja haka, kumfar kuma ta ragu ƙwarai. A sana'armu in ƙaho ya cika ya daina ja, ba ka tsayawa tambayar kowa. Ka cire, ka zubar, ka ɗauraye, ka mayar. Wanzamin da ya bar ƙazantaccen ƙaho a jikin mutum malalaci ne. Har na ɗan ji haushin Sista a raina, na ce ka ga aikin 'yan birni. Na zare murfin da bututunsa na ajiye a bakin gado, na ɗauki kwalbar na nufi taga na tuttular, da niyyar in cika ta da ruwan butata mai tsabta.

Sai na ji wani sauti a bayana, suu, suu. Na waiga. Duk numfashin da Kulu ta ja, bututun nan yana zuƙar iskar ɗaki yana kai mata cikin ƙirji. Idanunta suka fito, bakinta a buɗe, tana so ta kira ni murya ta ƙi. Kwalbar ta suɓuce daga hannuna ta tarwatse. Ban yi tunani ba, hannuna ne ya yi. Duk ƙahon da ke shan iska toshe bakinsa ake yi. Na cafki bututun na lanƙwasa shi, na danne bakin da babban yatsa, na ƙwalla kiran da aka ji har bakin titi.

Sista ta shigo a guje, ta matse bututun da wani ƙarfe mai kama da hantsaki, ta aika aka kawo sabuwar kwalba. Sai da ruwa ya sake ɓul-ɓul sannan ta juyo kaina. Ta wanke ni tas da Hausa, da Hausar ta ƙare mata ta ci gaba da Yarabanci. Likita ya zo ya saurari ƙirjin, ya ce huhun da ya fara buɗewa ya sake ƙanƙancewa, aikin kwana huɗu ya koma baya. Ya tambayi wanda ya zubar da ruwan.

"Ni ne."

Ya tambayi wanda ya toshe bututun.

"Ni ne."

Na zaro ƙaho daga zabira na nuna masa yadda muke yi da dalilin da ya sa na yi abin da na yi. Ya karɓa ya jujjuya shi. Sannan ya sa Sista ta gaya mini: ƙahona ja yake yi, kwalbarsa kuwa ba ta jan komai. Ƙofa ce kawai, iska ta fita ba ta komowa, ruwan nan shi ne ƙyauren. Raguwar kumfa da na gani kuwa ba cika ba ce, alama ce yagar huhun ta fara haɗewa. Wato da hannuna na ɓalle ƙyaure a daidai lokacin da 'yata ta kama hanyar warkewa. Ban taɓa jin kunya da tsoro sun haɗu a cikina kamar wannan rana ba.

Hurera ta dawo da wanki a ka ta tarar da fasasshiyar kwalba. Da ta ji abin da ya faru ba ta yi faɗa ba. Da ma ta yi. Ajiye kwanon ta yi, ta zauna tsakanina da gadon, ta juya mini baya. Kwana shida ko gaisuwata ba ta amsawa. Kulu ta yi zazzaɓi kwana biyu aka dinga yi mata allura, ni ina tsaye a bakin ƙofa, hannuwana a bayana. Ɗan'azumi ya yi ta kawo mini gurasa ina mayar masa.

Ran na bakwai da fasa kwalbar likita ya zo ya tsuguna gaban kwalbar. Sista ta ce tun jiya ba a ga kumfa ba, yanzu so ake Kulu ta yi tari mai ƙarfi. In kumfa ta taso, yagar tana nan. In ba ta taso ba, ta haɗe. Kulu kuwa ta tsorata da tari, ta rufe baki gam. Likita ya yi tarin ƙarya don ta kwaikwaya, ta ƙi. Sista ta lallaɓa, ta ƙi. Sai Hurera ta juyo, karo na farko.

"Malam, matso. Kai take jin maganakka."

Na durƙusa na kama hannunta. Na ce, "Kulu, ɗiyata, yi ma Baba tari guda, irin na tsohon ladan." Na kwaikwayi tarin ladaninmu kafin kiran salla, kun dai san shi. Ta yi dariya, dariyar ta sarƙe ta, ta yi tari har uku masu kyau. Mu huɗu duk idonmu a kan ruwa. Ya ɗan yi sama a cikin bututu, ya sauko, ya tsaya. Ko kumfa ɗaya babu. Likita ya buga cinyarsa, Sista ta yi guɗa irin ta garinsu, ni kuwa na kifa goshina a ƙarfen gado na yi kuka ba kunya. Washegari aka zare bututun, bayan 'yan kwanaki aka sallame mu.

Duk tsawon zamanmu ba mu sami wanda za mu aika gida ba, saboda haka a Yashe ba wanda ya san ko Kulu tana raye. Daga baya na ji cewa kullum da la'asar Inna tana fitowa bakin hanya ta zauna, duk motar da ta taso daga Kano sai ta bi ta da ido har ta ɓace. Ran da muka dawo ni na fara dira daga bayan mota, ƙunshin kayanmu a hannu, su Hurera kuwa ƙofarsu tana ɗaya gefen. Inna ta hango ni ni kaɗai. Ta miƙe, ta dubi hannuna, ta dubi bayana, sai ta koma ta zauna a ƙasa ta fara salati a hankali. Na buɗe baki in ce mata ba haka ba ne.

Motar ta ja ta wuce. Sai ga Kulu a tsallaken hanya, tsaye da ƙafafunta, ta rame kamar kara, tana riƙe da gefen zanen uwarta.

"Inna!" ta ƙwalla. "Ina akuyata? Kun ba ta ruwa?"

Tun da Inna ta haife ni ban taɓa ganin ta yi gudu ba sai ran nan.